Kujerar Mai Jinya

Mutanen unguwarmu a Birni sun san ni da abu biyu, allura da faɗa. Allurar na ajiye ta tun da na bar aiki, faɗan kuwa yana nan daram. Abin da ƴan baya ba su sani ba shi ne na yi shekaru ina aikin jinya a cikin jirgin sama. In na gaya wa jikokina sai su dubi ƙafafuna da suka kumbura, su dubi juna, su ce, "To, Hajiya." Ƴan banza, sun zaci tsufa ne ya fara taɓa ni.

Ai ba laifinsu ba ne, aikin ya mutu kafin a haife su. Bayan shekarun fari ne wata ƙungiyar agaji ta haɗa kai da hukumar lafiya, aka ajiye ƙaramin jirgi ɗaya a filin jirgin Damagaram don ɗauko marasa lafiya daga ƙauyukan da mota ba ta kaiwa sai an kwana a hanya. Lokacin babu salula, kwalta kuwa iyakarta babbar hanya. Majo, wato ma'aikacin jinya da ke riƙe da ɗakin shan magani na ƙauye, shi zai kira mu ta rediyo, murya tana zuwa tana ɓacewa: haihuwa ta gagara, ko maciji ya sari manomi, ko raƙumi ya kayar da mutum. Da aka buɗe hanyoyi, motocin asibiti suka yawaita, kayan gyaran jirgin kuma suka yi wuyar samu, sai aikin ya yi ta ja da baya. Babu wanda ya tara mu ya ce an rufe. Wata rana dai aka ce jirgi ya tafi gyara, har yau bai dawo ba.

Da farko maza kawai ke tashi da shi. Aka ga matan ƙauye ba sa yarda namiji ya duba su, wani mijin ma sai ya ce a bar masa matarsa ta mutu a ɗakinta. Sai aka nemi mace. Abokan aikina duk suka noƙe. Ni ma da na noƙe, sai na ji wani likita yana cewa ai macen Damagaram ko jaki ba ta iya hawa ba balle jirgi. Shi ke nan, kashegari na kai sunana. Uwata ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata, daga baya ta aiko mini da rubutu a kwalba ta ce in sha. Tashina na farko na yi amai har sai da majinyaciyar da muka ɗauko ta riƙa ce mini sannu.

Cikin jirgin bai kai ɗakin girkina ba. Kujerar filoti, wato matuƙin jirgin, a gaba, burankar, gadon ɗaukar mara lafiya, a shimfiɗe ta gefen taga, ƴar kujerata kusa da kan majinyaci inda nake kula da ruwan da ake ƙara masa, sai kujera guda da ta rage. Wannan ta mai jinya ce. Duk wanda ya san asibitinmu ya san ba a kwanciya a cikinsa ba tare da naka ba. Mu namu allura da magani da wanke ciwo. Amma wanda zai dama maka kunu, ya wanke maka tufa, ya kai ka bayan gida, ya juya ka in ka gaji da kwanciya, sai naka. Saboda haka kujerar nan ta fi tawa daraja a idon mutanen ƙauye, kuma a kanta na fi yin faɗa, domin kowa da tukunyarsa da turminsa yake so ya hau.

Filotinmu na farko nasara ne. Da ya koma ƙasarsu aka kawo wani Bafillace, tsohon soja, siriri kamar karan dawa. Ni kuwa kakannina Barebari ne, ka ga an gamu. Ni in ce masa, "Bawana, tuƙa ni." Shi ya ce ba ya ɗaukar Babarbariya sai an auna ta, kada ta kayar masa da jirgi. Amma a kan abu ɗaya ba ya wasa. Filayen da muke sauka a daji rairayi ne, gajeru. Mutanen gari ne suka share su, suka jera duwatsu suka shafa musu farar ƙasa, kuma in sun ji ƙararmu sai su kori awaki su tayar da hayaƙi don a ga inda iska ta dosa. Sau da yawa akwai itatuwa a ƙarshen filin. Ya ce mini da sanyin safiya jirgi yana ɗaukar mu duka har da kaya. In rana ta take, iska takan sirance, fuffuke ba ya samun abin kamawa, sai an rage nauyi kafin ya ɗaga ya tsallake itatuwan. Shi ya sa gari na wayewa muke tashi, kuma ƙafarmu na taɓa ƙasa zai ce, "Babarbariya, kafin rana."

Abin da ke cinye mana safiyar kuwa ba ciwo ba ne, yafiya ce. Mutanen nan ba su san mai hawa jirgi ba sai mai tafiya Makka, mai tafiya Makka kuma ba ya fita sai ya bi gida-gida ya nemi gafara. Sai suka ɗauki al'adar ɗungum suka ɗora wa jirginmu, balle ga wuƙar likita tana jiran mutum a can. Za ka ga an ajiye burankar a inuwar fuffuke, gari duka ya yi layi, kowa ya durƙusa ya kama hannun mara lafiya: mu yafi juna, na yafe maka duniya da lahira. Ni ina tsaye ina duba agogo. In na yi magana a ce, "Likita, gaggawa aikin shaiɗan ce." In ce, "To ku gaya wa ciwon, shi ma ya bar gaggawa."

Wata bazara aka kira mu wani ƙauye can arewa da Damagaram Takaya, inda motar kasuwa ke shiga ranar kasuwa kawai. Wani dattijo ne manomin gero, hanjinsa ya sauko ya shaƙe, tun shekaranjiya yake amai, ciki ya kumbura ya yi tauri. Ina taɓa shi na san in ba a buɗe shi a ranar ba, sai dai wani ikon Allah. Na sa masa ruwa, na yi masa allurar rage zafi. Matarsa ce za ta yi jinya, wata gajeriyar tsohuwa. Ta riga ta ɗaure kayanta, tabarma da ƙwarya da ƴar tukunya da garin gero a tsumma. Ba ta jira an ce mata ba ta hau ta zauna a kujerarta, ta rungume ƙullin, tana ta zufa. Majo ya ce mini tun aurensu na ƙuruciya ba su taɓa kwana a gari daban-daban ba.

Aka yi layi aka gama. Bulama, mai garin, ya yi addu'a aka shafa. Na ce a ɗaga. Sai dattijo ya riƙe ƙarfen burankar ya ce bai gama ba, saura ƙanensa.

Ashe shekara da shekaru ba sa magana, a kan iyakar gonar da ubansu ya bari. Ƙanen ya tashi ya koma wata tunga mai ɗan nisa. An aika masa mai doki tun da asuba, shiru.

Na durƙusa na ce, "Baba, hanjinka ba ya jiran kowa. Ka yafe masa daga nan, Allah yana ji."

Ya ce, "Ɗiyata, ni na yafe. Tasa nake nema. Ni ne babba, kuma ni na fara."

Na ce, "To a kai masa saƙo."

Ya ce, "Zuwa da kai ya fi saƙo. Tun da ba ni da ƙafar zuwa, ai na jira shi."

Na yi faɗa. Wallahi na yi faɗa, har na ce wa bulama in mutumin nan ya mutu a nan, su suka kashe shi da zumuncinsu. Bulama ya sunkuyar da kai ya ce, "Likita, in kin ɗauke shi da ƙarfi, gangar jiki kawai kika ɗauka." Filoti kuwa ya bar mu a nan. Yana ta kai da komo a kan filin, yana taka rairayi da takalminsa, yana duban wani babban gawo da ke ƙarshe. Inuwar fuffuke tana ta tsukewa, muna ta jan burankar muna bin ta. Da filoti ya dawo ya ce kaya ba za su hau ba. Na karɓi ƙullin daga hannun tsohuwa na miƙa ƙasa, na ce zan ara mata tukunya a gidana. Ba ta yi musu ba.

Sai da rana ta kusa tsaka ƙanen ya iso a bayan mai dokin, wani dogo mai furfura, ya ma fi wan nasa alamar tsufa. Mutane suka dare masa. Ya durƙusa a gefen burankar. Dattijo ne ya ce, "Ka zo?"

Ya ce, "Na zo, Yaya."

Suka riƙe hannun juna suka faɗi abin da ake faɗa, ƙanen yana kuka, rawaninsa ya warware bai ma sani ba. Duk faɗana, ni ma sai da na juya baya ina gyara abin da bai lalace ba a jikin ledar ruwa.

Muka sa shi ciki. Filoti ya tayar da inji, ya daɗe yana duban allurorin ma'aunan da ke gabansa, sannan ya juyo. Bai ce mini Babarbariya ba. Ya ce, "Madam, mutum ɗaya zai sauka."

Na ce, "Haba! Tsohuwar nan nawa take? Ko akuya ta fi ta nauyi."

Ya ce, "Ko akuyar ce sai ta sauka. In ba haka ba, gawon can ne makwancinmu duka."

Na san ba ya ƙarya a kan wannan. Ni ba ni da halin sauka, ruwan yana hannuna, tansiyon dattijo kuma, wato ƙarfin bugun jininsa, yana ta faɗuwa. In an ce a jira la'asar iska ta yi sanyi, ba zai kai ba. Na sa bakina a kunnen tsohuwa saboda ƙarar inji, na ce, "Inna, sai dai ki biyo motar kasuwa." Ta dube ni, ta dubi mijinta. Shi idonsa a rufe, allura ta fara ɗaukarsa. Ta buɗe baki ta ce wani abu, ban ji ba, shi ma bai ji ba. Majo ya kama hannunta ya sauke ta, aka rufe ƙofa. Da ƙyar muka tsallake gawon, ina salati da ƙarfi ba kunya.

Tun muna juyawa a kan garin dattijo ya farka ya ga kujerar babu kowa. Na gaya masa abin da ya faru. Can muna tsakiyar hanya, ƙasa duk ta yi fari fat a ƙarƙashinmu, sai ya jawo hannun rigata. Na sunkuya.

Ya ce, "Ɗiyata, na yi wauta. Na nemi gafarar gari duka, har da wanda na taɓa dukan jakinsa. Ita ban nema ba."

Na ce, "Me ya hana ka, Baba?"

Ya ce, "Ai tare za mu. Na ce in mun isa, mun kaɗaita, sai in faɗa mata. Irin wannan ba a faɗa wa mace a gaban jama'a." Ya huta, sannan ya ce, "In ban ga zuwanta ba, ki ce ta yafe mini. Ta sha wuyata da yawa."

Na ce, "Da bakinka za ka faɗa mata, ni ba ƴar aikenka ba ce." Haka muke cewa dukanmu masu wannan aiki. Amma tsoro ya kama ni, don na ga yadda leɓensa ya bushe ya canja launi.

Muna sauka aka wuce da shi bulok, ɗakin da ake yi wa mutane aiki. Likitoci sun yi iyakar yinsu, amma hanjin ya riga ya lalace da yawa. Ko da mun taso da sanyin safiya ban san ko zai rayu ba, Allah kaɗai ya sani. Ya farfaɗo kaɗan, bai ƙara magana mai ma'ana ba. Da yake ba shi da kowa, ni da matar majinyacin gadon kusa muka riƙa juya shi muna jiƙa masa leɓe. Kashegari da hantsi ya cika. Mai gidana da maƙwabtanmu na Birni suka yi masa sutura suka kai shi makwancinsa. Muka kira majo ta rediyo don ya sanar, ya ce ai tsohuwa ta riga ta bi wata mota da ta zo ɗaukar dabbobi, tana hanya.

Ina wanke hannu a bakin famfo aka ce ana nemana. Na fito na same ta tsaye a tsakar asibiti, ƙullin nan a kanta, buta a hannu, ƙafafu sun yi butu-butu. Ƙanen mijin ne ya rako ta, yana tsaye a gefe. Ta ce, "Ɗiyata, wane ɗaki?"

A aikin nan na faɗa wa mutane da yawa mutuwar nasu, amma ban taɓa sabawa ba. Na sauke mata kayan, na zaunar da ita a gindin dogon yaro, na ce, "Inna, sai haƙuri." Ta yi salati, ta ƙara. Ba ta yi ihu ba, ta dai riƙa shafa ƙullin garin da ta kawo don kununsa. Na aika aka kira mai gidana ya tafi da ƙanen ya nuna masa kabari. Ita kuwa na kai ta gidana, na ba ta ruwa ta yi wanka.

Da la'asar muna zaune a tsakar gida mu biyu, na ce, "Inna, ya bar mini saƙo." Na faɗa mata duka yadda ya faɗa, har da zancen jakin.

Ta girgiza kai ta ce, "Shi dai da wautarsa. Ai abin da nake faɗa ke nan a cikin jirgin, ƙarar nan ta cinye. Na yafe masa duniya da lahira." Sai ta matso ta dafa gwiwata. Ta ce, "Ni fa? Ya ce ya yafe mini?"

To fa. Na bi maganarsa daga farko har ƙarshe a raina, babu. Ya nemi tata, bai ba da tasa ba. Ko bai zaci akwai abin yafewa ba ne, ko ciwo ne bai bar shi ya kai can ba, oho. Ita kuwa ga shi nan a fuskarta, wannan ce tambayar da za ta kwana da ita ta tashi da ita har nata lokacin ya yi. Mace irinta ta tashi ne tana jin aljannarta tana tare da yardar mijinta. In na ce i, babu mai ƙaryata ni a duniyar nan. Amma ni ban iya sa magana a bakin mamaci ba, kuma tsohuwar nan ta fi ƙarfin a yi mata wayo.

Na ce, "Inna, wannan bai faɗa ba."

Hannunta ya zame daga gwiwata. Wallahi na ji tausayinta har cikin ƙashina, na rasa inda zan sa idona. Ta ce a hankali, "Ba abin da ya ƙara cewa a kaina? Ko kaɗan?"

Na ce akwai, amma ba maganar kirki ba ce, faɗa ne, shi ya sa ban kawo ta ba. Ta ce in faɗa haka nan. Na ce lokacin da jirgi ya karkata a kan garinsu, ya ɗaga kai da ƙyar ya leƙa taga, ya hango ta tsaye a tsakiyar filin ita kaɗai, kowa ya gudu inuwa. Sai ya ja tsaki ya ce, "Dube ta! Tana tsaye cikin rana, ga ta da ciwon kai. Matar nan ba ta da wayo ko kaɗan, sai an ce mata shiga inuwa."

Ta ce, "Ya ja tsaki?"

Na ce, "Dogo ma."

"Ya ce ba ni da wayo?"

"Da bakinsa, Inna."

Sai ta yi dariya, hawaye yana zuba, ta share da gefen zane wani ya sake zubowa. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Ɗiyata, ke ba ki san shi ba. Mutumin nan in yana riƙe da kai a zuciya, ko kallonka ba ya yi. Wanda yake yi wa faɗa, shi ne nasa."

Ta gyara zama, ta sake dafa gwiwata. Ta ce, "Ƙara faɗa mini yadda ya ce."

Na ƙara faɗa mata, har da tsakin.